Ɗana ya ɓoye goron sallarsa a cikin safa

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce a Fadaman Mada, cikin garin Bauchi. Yarana uku: namiji ɗan shekara 9, mace 'yar 7, sai auta mai shekara 4. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, ni kuma ina ɗan sayar da zoɓo da kunun aya a gida. Da can kala biyu muke ɗinka wa kowane yaro da Sallah, bana ɗaya ma da ƙyar. Tun da aka ɗauki azumi macen take kuka, sai an saya mata takalmi mai wuta da kala na biyu irin na 'ya'yan maƙwabta. Babban kuwa, a Sallar bara ya tara naira 6,500 ya ɓoye a cikin safa. Da na gano, na ce ya ba almajirin da ke mana aike naira 500, sai ya jefa masa a ƙasa yana kuka. Na doke shi, amma har yau abin yana damuna. Ita ma macen, na ba 'yar mai mana wanki tsohuwar rigarta, da ta gan ta a jikinta ranar Sallah sai ta ce a gaban mutane, "Wannan ai rigata ce." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gwaggo, rowa ce ta kama yarana? Yaya zan koya musu kyauta, su kuma san bambancin abin da suke buƙata da abin da ransu kawai yake so?

Uwar uku, Bauchi

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya karɓi ibadunmu, ya raya miki su, ya buɗa wa maigidanki.

Safar nan ce ta fi tsaya mini a rai, don haka da ita zan fara. Yaron da ya naɗe kuɗinsa ya cusa a safa akwai wanda yake ɓoye wa, kuma a gida irin naku ba ɓarawo yake tsoro ba. Ki tambayi kanki tsakani da Allah: goron sallarsa na bara waccan, da na shekarar da ta gabace ta, ina suka shiga? In amsar ita ce "kawo in ajiye maka", to mun kama bakin zaren.

Ba zarginki nake yi ba, don ni ma haka aka yi mini, haka kuma na yi wa nawa na fari. Muna yara, bayan an canja kuɗi zuwa naira a 1973, kwabo da sisi ake ba mu, wanda ya samu sule kuwa ranar shi ne attajirin unguwa. Mu wuni muna yawon sallah daga gidan wannan gwaggo zuwa gidan wancan kawu, ƙafa duk ƙura. Da magariba Inna ta buɗe bakin zaninta ta ce a zuba, ta ƙulle. Shi ke nan, an yi musu jana'iza. In ka tambaya bayan kwana biyu a ce maka, "Tuwon da kake ci fa, da me ake saye?" Gaskiya ta faɗa, Allah ya jiƙanta. Amma abin da muka koya daga wannan gaskiyar shi ne mu riƙa rage wani abu tun a hanya. Ni a cikin kitso nake cusa nawa, yayana a cikin hula.

Yaro ba ya iya bayar da abin da bai tabbata nasa ba ne. Naira 500 ɗin da kika sa ɗanki ya miƙa, a wurinki sadaka ce, a wurinsa haraji ne: an gano maɓoyarsa, an yanke masa adadi, an nuna masa wanda zai ba. Babu inda zuciyarsa ta shiga cikin lamarin. Jefa kuɗi a ƙasa kam laifi ne, wulaƙanta ɗan mutane ne, ba zan wanke shi ba. Sai dai fushin da ya sauke a kan almajirin nan, ke aka yi wa shi, yaron tsautsayi ne kawai ya ajiye shi a wurin.

Ga abin da nake so ki yi tun kafin a ga wata. Ki kira shi ku biyu, ba a gaban ƙannensa ba, ki ce masa duk abin da ya samu bana nasa ne, ba za ki taɓa ko naira ɗaya ba. Sharaɗinki ɗaya: da daddare ku zauna ku ƙirga tare, ya rubuta a bayan littafinsa. Bayan an ƙirga sai ki yi masa tambaya, muryarki a kwance: "A cikin wannan, akwai wanda kake so ka faranta wa?" Ki yi shiru. Shirun nan shi ne mai wuya, mu iyaye mata ba mu iya shi ba. In ya ce naira 100, ki ce madalla, kada ki ce "haba, ɗari kawai?" Kada kuma ki cika masa daga jakarki don abin ya yi kauri. In ya ce shi kakarsa zai saya wa goro, ba almajiri ba, ki bar shi, ita ma kyauta ce. In ma ya ce babu kowa, ki haɗiye, ki fitar da naki a gabansa ki bayar, ki wuce. Yana gwada ki ne, yana so ya ga ko alƙawarin gaske ne. Babbar Sallah kusan kwana 70 ne kacal a gaba, za ki sake samunsa.

Na san za ki ce, to in gida ya shiga matsi fa, ga kuɗi a hannun yaro? Ki ranta. Ki ce masa, "Ara mini dubu biyu, ranar da aka yi albashi zan biya ka," ya rubuta, ranar kuma ki biya ba sai ya tuna miki ba. Yaron da ya taɓa ba uwarsa rance ta biya shi ya ɗanɗana wani abu da wa'azi ba ya koyarwa: kuɗi na iya barin hannunsa ba tare da an cuce shi ba.

Kuma ki ƙyale shi ya yi ɓarna da wani kaso. Zai sayi bindigar roba a ƙofar fada wajen kallon hawa, ta karye kafin la'asar. Zai sayi tabarau ya zauna a kai. Kada ki ce "ban gaya maka ba?" Bindigar ta riga ta gaya masa. Gara ya yi asarar naira 800 yana da shekara 9 da ya yi ta albashin wata yana da 30.

Yanzu 'yar macen. A nan sai na ɗan tsaya mata kafin in juyo kanta. Sabon kaya ranar Sallah a wurin yarinya 'yar shekara 7 ba kwaɗayi ba ne. Idi ranar ado ce a addininmu, ana son kowa ya sa mafi kyawun abin da yake da shi, kuma yaron da ya fita da tsohon kaya cikin sa'anninsa yana jin abin har cikin ƙashinsa. Malaman usulu ma, wato masana tushen fiƙihu, ba kashi biyu suka raba abubuwan rayuwa ba, uku suka yi: larura, da buƙata, da abin ƙawa. Na ukun nan ba haram ba ne, matsayinsa ne kawai yake baya. Don haka kala ɗaya haƙƙinta ne in da hali. Kala na biyu da takalmi mai wuta su ne marmari. Marmari kuma ba abin kunya ba ne, ni da tsufana akwai leshin da nake wucewa in waiwayo. Kada ki sa ta ji cewa son abu laifi ne. Abin da za ta koya shi ne wane ne ke gaba a layi.

Wannan kuwa ba a koyar da shi a kan tabarma da baki. A kasuwa ake koyonsa, da kuɗi a hannu. Ki ɗauke ta ita kaɗai ku tafi Wunti da safe, kafin rana ta yi zafi ga mai azumi. Tun a gida ki ƙirga kuɗin kayanta a gabanta, takarda bayan takarda, ki sa a ƙaramar jaka ki rataya mata. Ki ce, "Wannan shi ne na sallarki gaba ɗaya. In ya ƙare, ya ƙare." Ku fara da yadi. Ita za ta zaro kuɗin ta miƙa, ita za ta karɓi canji. Ku ware na tela ku naɗe daban. Abin da ya rage sai ki buɗe mata a tafin hannu: ga shi, ko takalmin nan mai wuta shi kaɗai, ko takalmi na kullum wanda zai kai ta har makaranta da ɗankunne da abin hannu. Ta zaɓa. Na taɓa yin haka da jikata a rumfar wani mai takalma. Ta ɗauki mai wutar ta buga a ƙasa ya haska, ta ajiye, ta ɗauki ɗayan, ta sake komawa, har mai rumfar ya gaji ya ci gaba da jan carbinsa. Daga ƙarshe mai wutar ta ɗauka. Ban ce uffan ba. Sati biyu wutar ƙafar hagu ta mutu, ta dinga tafiya tana haske gefe ɗaya kamar mashin mai fitila guda. Da Babbar Sallah ta zo, da kanta ta ce wa mai rumfar, "Ba mai wuta ba." In taki ta zaɓi mai wutar, ki saya mata da fuska a sake. Zaɓin shi ne darasin, ba takalmin ba.

Ku je da wuri fa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kin san telolin garin nan, da goman ƙarshe ta shiga sai su daina karɓar ɗinki, wanda ya karɓa kuma ranar idi da safe kina zaune a shagonsa.

Akwai wata kalma da nake so ki rage faɗa: "babu kuɗi". Yara suna da ido. Kin ce babu, bayan awa ɗaya sun ga kin aiki almajiri ya sayo miki kati, ko kin biya mai ruwa. A lissafinsu ƙarya kika yi, kuma wanda ya fi naci shi ke samu. Ki riƙa cewa, "Akwai kuɗi, amma na shinkafa ne." "Akwai, amma na makarantarku ne." Sai su fara gane cewa kowace naira a gidan da sunanta. In suka zo da roƙo, tambaya ɗaya ta isa: "In ba mu saya ba, me zai faru?" In ba a sayi maganin auta ba, zazzaɓi zai ƙaru. In ba a sayi gawayi ba, ba a shan ruwa da abinci mai zafi. In ba a sayi balan-balan ba fa? Su da kansu za su yi dariya. Ki mai da shi wasa a lokacin buɗa baki, kowa ya kawo abu ɗaya a yanke masa hukunci, "dole" ne ko "marmari". Za ki sha mamakin gardamar da za a yi a kan nama da lemon kwalba. Abin da aka kasa yankewa a ce ya kwana uku. Yawancin abin da yaro ke birgima a kansa ranar Litinin, kafin Alhamis ya manta sunansa.

Game da raguwar kala biyu zuwa ɗaya, ki gaya musu gaskiya daidai kunnensu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gidan albashi nawa ne bai rage wani abu ba? Ki ce kaya sun yi tsada, bana ɗaya za mu yi, mai kyau. Iyakar nan. Kada ki zauna kina lissafa musu bashin mai shago da kuɗin haya, wannan kayan manya ne, wuyan yaro ba ya ɗauka. Za ta yi kuka, ki bar ta ta yi, kuka ba ya kisa. Abin da ke ɓata aikin shi ne ke ki ce a'a da rana, uban ya dawo da daddare da leda a hannu don ba ya son ganin hawayen 'yarsa. Ku daidaita baki ke da maigidanki tun kafin yara su ji. In kuma wani kawu ya kawo mata kala na biyu kyauta, a karɓa a yi godiya, rabonta ne.

Sai wata magana da ba ki tambaye ni ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In yarinya tana jin ki a waya kina cewa ko da bashi sai kin yi ankon bikin wance, ko tana leƙa kafaɗarki kina duba atamfofin da ƙawaye ke ɗorawa a WhatsApp kina ajiyar zuciya, to "irin na 'ya'yan maƙwabta" a gida ta koyo shi. Ban ce haka kike ba. Na dai ajiye miki, ki duba.

Maganar kyauta kuwa, addini ya riga ya ajiye miki makaranta a cikin gida, mu ne muke yin ta a bayan idon yara. Zakkar fidda kai nake nufi. Sa'i ɗaya ne a kan kowane rai, babba da yaro, mace da namiji, wato mudun Nabi 4, daga abincin da aka fi ci a gari. Ku biyar ne, mudun Nabi 20 ke nan. An fi so a fitar da safiyar idi kafin a tafi masallaci, an kuma yarda a gabatar da kwana ɗaya ko biyu. A gidaje da yawa maigida ne ke aunawa shi kaɗai a zaure, ko ya ba wani ya kai, yara ba su ma san an yi ba. Bana ki roƙe shi a yi a tsakar gida. A shimfiɗa tabarma, a kawo buhun masara ko shinkafa. Uban ya auna, babban ya riƙe bakin leda, macen ta yi ƙirga da ƙarfi, kowane huɗu a kira suna: wannan na Baba, wannan na Mama, wannan na auta. Ki lura da fuskar auta lokacin da aka ce ga nasa. Zai rungume ledar, zai ce shi zai ɗauka ko da ta fi ƙarfinsa. Yaro mai shekara 4 ba ya gane bayanin buƙata da marmari, kada ki wahalar da kanki, amma yana gane cewa akwai wani abu da sunansa da za a kai wa wani. Su raka uban su kai. A hanya ya gaya musu dalili a taƙaice: don kada a wayi gari ranar Sallah da gidan da ba a ɗora tukunya ba.

Ranar idi kuma, masar da za ki yi, kada ki ba almajiri ya zaga da ita gidajen maƙwabta. Yaranki za su kai. Macen ta ɗauki kwanon masa, babban ya ɗauki miya, auta ya bi su da murfi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mata kada maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta ko da ƙofaton akuya ne. Don haka ko masa biyar ce a kai. A fara da gidan da ba za su iya ramawa ba, kafin gidan da kwanonki zai dawo cike da kaza.

Rigar nan kuwa, 'yata, ki yi haƙuri, laifin ya fi karkata wajenki. Kin ɗauki kayanta ba ta sani ba, sai ganinsa ta yi a jikin wata. Gaskiya ta faɗa, rigarta ce. Wadda ta fi kowa jin ciwo a ranar kuwa ba ke ba ce, yarinyar da ke cikin rigar ce. Bana ki zazzage akwatinta a gabanta, ta ware waɗanda suka yi mata kaɗan da hannunta. Masu yagewa da masu tabo a cire su, Alƙur'ani ya hana mu nufin mummuna mu bayar, wanda mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. A wanke, a goge, a ninke, ita ta sa a leda. Sannan ki koya mata doka ɗaya, ki maimaita har ta zauna: abin da aka bayar ya bar hannu, ba a nuna shi, ba a ambatonsa. Aya ta 264 a cikin Suratul Baƙara ta ce kada mu ɓata sadakokinmu da gori da cutarwa. Ita dai ba gori ta yi niyya ba, amma daga nan yake tsirowa. Tun da bakin yara ba shi da linzami, a wannan karon ki aika kayan wata unguwa ko ƙauye, inda ba za ta gan su a jikin kowa ba. Mai wankinki kuma ki ƙara mata kuɗi ta saya wa 'yarta abin da ta ga dama.

Abu ɗaya nake roƙon ki daina, in kina yi, don kusan dukkanmu muna yi: "Dubi almajirai, ko takalmi ba su da shi, ke kina kukan mai wuta." Mun ɗauka tausayi muke koyarwa. Abin da yaro ke ji shi ne talaka bulala ce da ake dukansa da ita duk lokacin da ya so wani abu, sai ya fara jin haushinsa. Almajirin nan da ke muku aike yana da suna, yana da garinsu, yana da uwar da ke tunaninsa ranar Sallah. Yaranki sun san sunansa, ko "kai almajiri" ake kiransa? Sun san izu nawa ya kai? Ki sa ɗanki ya tambaye shi. Zai yi wuya ka jefa wa mutum kuɗi a ƙasa bayan ka san daga wane gari ya zo, ka kuma ji ya fi ka karatu. In Allah ya hore ragowar yadi, a yanka masa riga daga irin na ɗanki, ɗanki ya miƙa masa da hannu biyu. A nan ne zai ba shi haƙurin abin da ya faru bara. Kada ki tsaya a kansu, ki shige ɗaki.

Ke ma akwai haƙurin da za ki bayar, ko da ba da baki ba. In kun je Wunti ki biya wajen masu tukwane ki sayo asusun ƙasa, ki ba shi ya ajiye inda ya ga dama, a fili, ba wanda zai taɓa. In kin tuna abin da kika karɓa a hannunsa a shekarun baya, ki fara jefa masa ko naira 200 ce a ciki yana kallo, ki ce masa biyan bashi ne, saura na tafe. Bayan Sallah ki rubuto mini, ina so in ji nawa ya fitar, da wanda ya zaɓa ya ba.